Saƙa uku a hannu ɗaya: yadda nake yi kada su cakuɗe mini

Duk mai saƙa ta san wannan hali. Kina tsakiyar bargo, ki shiga kasuwar Sabon Gari neman maɓalli ko zif, idonki ya faɗa kan wani zare ruwan zuma, kafin a kira magariba kin ɗora hula a kan allura. Bargo na nan bai ƙare ba, hula ta shigo, ga rigar sanyin yaro da ta rage hannu ɗaya tun hunturun bara tana jira a ƙasan durowa.

Masu cewa taura biyu ba ta taunuwa suna da gaskiyarsu. Na san matan da ba sa taɓa sabon ƙullin zare sai sun yanke bakin na hannunsu sun ɓoye shi, kuma saƙarsu tana kyau. Ni dai ba haka aka yi ni ba. Tunda kuma ba sana'a na ɗauki abin ba, sha'awa ce da hutun rai bayan na taso daga aiki, ban ga dalilin takura wa kaina ba. Abin da na lura da shi, yawan saƙa ba ya hana gamawa. Abu biyu ne ke hanawa: ko dai saƙa biyu suna neman lokaci iri ɗaya a wurinki, ko kuma kin ajiye ɗaya ba ki bar wa kanki alamar inda kika tsaya ba. In kika magance waɗannan, uku ba su yi yawa ba.

Ki raba su bisa lokacin da kowace ke ci

Akwai lokacin da hannunki ke sake amma hankalinki na wani wuri, akwai kuma lokacin da gida ya yi tsit kina da hankalinki gaba ɗaya. Kowane da irin saƙar da ta dace da shi.

Ta farko ita nake kira saƙar hira. Ita ce wadda hannu ya haddace, ba ƙirga, ba duba takarda. Da ita nake zuwa layin asibiti, gidan suna, wurin kitson yara, da ita nake zama in ana kallo da daddare. Sharaɗinta ta zama ƙarama, ƙullin zare ɗaya, launi mai haske, ta shiga jakar hannu. Mayafin wuya mai ɗinki iri ɗaya daga farko har ƙarshe ya yi, haka 'yan fallayen nan masu kusurwa huɗu da ake yi da kwarashi a haɗa su daga baya su zama bargo. Kwarashi ya fi dacewa da fita fiye da dogayen allurai biyu, musamman in za ki shiga a-daidaita-sahu, inda birki ɗaya ya isa ki soki ta kusa da ke. Gidan gaisuwar rasuwa kuwa ba a zuwa da saƙa, carbi ake riƙewa a can.

Ta biyu ita ce ta natsuwa: mai zanen kitso, mai huji-huji, mai launi biyu ko uku da ake sauyawa a cikin layi, duk wadda in aka yi miki sallama a tsakiyar layi sai kin koma farko kin sake ƙirgawa. Wannan ba ta fita daga ɗaki. Lokacinta bayan sallar asuba kafin yara su tashi, ko hantsin Asabar. Duk saƙar da zarenta baƙi ne, ko shuɗi mai duhu, ko makuba, nan take shiga ko da ɗinkinta mai sauƙi ne, domin idon baƙin zare, wato 'yan madaukan nan da ake ƙirgawa a layi, ba ya ganuwa a hasken fitilar caji, wutar NEPA kuwa ba a yin alkawari da ita.

Ta uku ita ce ta alkawari, wato mai ranar da ake jira: kayan jariri, hular da kika ce wa Baba zai samu kafin sanyi, suwaitar makaranta. A nan ne nake da doka ɗaya da ba na karyawa. Saƙar alkawari ɗaya tak a lokaci ɗaya. In suka zama biyu, sha'awa ta koma bashi, za ki riƙa ɗaukar allura da nauyin zuciya, sai ki ga kin guje wa saƙar baki ɗaya. Duk ranar da na zauna saƙa, da ita nake farawa, ko layi biyar ne, sannan in koma wadda raina ke so.

Wani lokaci akwai ta huɗu, babban bargo da ke zaune a gefen gado, wanda ba shi da gaggawa kuma yanayi ne ke juya shi. Zan dawo kansa.

Ki kula kada dukkansu su zama kauri ɗaya. In ta natsuwa siririn zare ce da kwarashi milimita 2.5, to ta hira ta zama mai kauri da allura milimita 5 ko 6. Yatsu da wuyan hannu suna hutawa idan motsi ya sauya, kuma riƙon kwarashi daban yake da riƙon allura biyu. Wannan yana daga cikin amfanin tara saƙa da masu saƙa ɗaya ba sa samu. Amma in hannu ya fara zugi ko yatsu suna yin sanyi kamar ba naki ba, sauya saƙa ba magani ba ne, ki ajiye gaba ɗaya ki huta, in ya ci gaba ki ga likita.

Kowace da jakarta, kowace da allurarta

Jakunkunan nan na yadi da ake rabawa a gidan biki sun fi komai. Suna numfashi, suna rataye a ƙusa, kuma launinsu daban-daban ne, kina hango ja kin san hula ce, kore kin san rigar yaro ce. Tsohuwar rigar filo ta yi wa bargo. Baƙar leda ce ba na so: ba ki ganin abin da ke ciki, sai ki manta da shi, sannan da damina tana riƙe gumi, zaren auduga ya yi fumfuna ya ɗauki wari. Da hunturu kuma matsalar ƙura ce, farin zare in ya kwana biyu a buɗe sai ya koma ruwan ƙasa, don haka jakar ta zama mai zif ko mai zariya.

Ƙullin da kike aiki da shi ki jefa shi a robar askirim, ki huda marfin ki zaro bakin zaren ta nan. Ba zai gangara ƙarƙashin kujera ya kwaso gashi da ƙasa ba, mage ma ba ta samu.

Babbar magana a nan ita ce allura. Kada ki ara daga wata saƙa ki fara wata. Kwarashi lamba 4 da kika zare daga mayafi “na ɗan lokaci” ba ya komawa, bayan wata biyu ki ɗauko mayafin ki tsaya kina tunanin 3.5 ne ko 4 ne. Rabin milimita kamar ba komai ba, amma a mayafi zai fito fili, rabi matse rabi sake. Kwarashin ƙarfe ba shi da tsada, ki sayi biyu ko uku na lambar da kika fi amfani da ita. Ko lamba ɗaya ce, na ƙarfe da na roba da na gora ba sa ba da saƙa iri ɗaya, domin zare yana sulɓi a kan ƙarfe, yana ɗan cijewa a kan gora. Da wanda kika fara, da shi za ki gama.

Almakashi, tef ɗin awo da basillar ɓoye bakin zare ba sai kowace jaka ta samu nata ba. Su zauna a 'yar jaka guda a wuri ɗaya. Jakar fita kaɗai nake saka wa abin yanke farce, yana yanke zare tsaf kuma ba ya huda jaka.

Takardar da ke cikin jaka

In za ki ɗauki abu ɗaya kawai daga duk bayanin nan, to wannan ne. Ranar da kika fara saƙa, kafin ki yi layi na goma, ki yago falle daga littafin rubutu ki rubuta abin da zai sa ko wata ce ta ɗauko jakar ta iya ci gaba. Ke ɗin bayan wata uku wata ce, ba abin da za ki tuna.

Ga abin da nake rubutawa. Na wane ne, da awonsa: zagayen ƙirji, tsawon hannu, zagayen kai, da ranar da na auna, domin yaro ba ya jiran saƙa. Sunan zare da lambar launi. Lambar allura. Ido nawa na ɗora a farko. Sannan duk wani sauyi da na yi wa tsarin da nake bi, misali na rage ido a kowane layi na shida maimakon na huɗu saboda hannun yaron dogo ne. Wannan na ƙarshe shi ne mata suka fi mantawa, kuma shi ne ke sa hannun riga na dama ya fi na hagu faɗi.

Lambar allura a milimita za ki rubuta, kar ki rubuta “lamba 8” kawai. Tsofaffin alluran da muka gada a wurin iyayenmu yawanci lambar Ingila ce a jikinsu, inda lamba ke ƙaruwa allura na sirancewa: lamba 8 tasu ita ce milimita 4, lamba 10 kuma 3.25. A lissafin Amurka abin a juye yake, lamba 8 milimita 5 ce, milimita 4 kuwa lamba 6 suke ce mata. Kin ga “lamba 8” na iya zama allura biyu da ke da tazarar milimita guda cur a tsakaninsu.

Haka batun sunayen ɗinki a kwarashi, ga masu koyo daga YouTube. Ɗinkin da Ba'amurkiya ke kira dabul, sai kin naɗa zare sau ɗaya a kan kwarashi kafin ki soka. Dabul na 'yar Ingila ba naɗi, gajeren ɗinki ne, wanda ita Ba'amurkiya ke kira singil. In kina bin bidiyon Amurka a jaka ɗaya, na Ingila a wata jakar, ba wuya ki kwashe na nan ki kai can. Ni ba na rubuta sunan ma, yadda ake yi nake rubutawa: “naɗi ɗaya, soka, zaro, fitar da biyu, fitar da biyu.” Bidiyon kuma ki sauke shi a waya tun kina da data, ki rubuta a takarda minti na nawa kika tsaya.

Takardar da ke naɗe a jikin ƙullin zare kada ki yar. Ki maƙale ɗaya da fil a jikin fallen, ki ɗaura ɗan guntun zaren a jikinta. Sannan ki shimfiɗa saƙar, ki ɗora allurar da takardar zaren a kai, ki ɗauki hoto ki tura wa kanki a WhatsApp. Ranar da kika tsinci kanki a kasuwa ba tare da shiri ba, hoton zai yi miki amfani, ko da yake launi a fuskar waya ba abin dogaro ba ne, lambar ce abin dogaro.

Wajen ƙirga layi, ɗan abin ƙirgan nan na yatsa da ake tasbihi da shi yana aiki sosai, ana gama layi a danna. Na saƙa daban na ware, ba na haɗa shi da na zikiri. Sai dai yana dannuwa da kansa a cikin jaka, don haka in za ki tashi ki kwafe lambar a takarda. Takarda da biro ba batir ɗinsu da ke mutuwa.

Ajiyewa da ɗaukowa

Ki yi ƙoƙari ki kai ƙarshen layi kafin ki tashi. Na san ba kullum ake samu ba, tukunya na ƙonewa, yaro na kuka. In ya zama dole kika tsaya a tsakiya a saƙar allura biyu, ga yadda za ki gane hanya in kin dawo: allurar da zaren ƙulli ke rataye a jikinta ita ce ta hannun dama. In kika riƙe ta a hagu za ki koma da baya, sai rami ya fito a wurin, gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo.

Ki tura idanun can ƙasan allura, ki toshe tsinin. Ba sai kin sayi komai ba, ki yanko ɗan guntun tsohon silifas mai tsabta ki soka a baki, ko ki naɗa robar ɗaure kuɗi. Wannan yana kare saƙa daga zamewa, yana kuma kare yaro mai rarrafe, ko da yake shi maganinsa rataye jaka a sama. A kwarashi abin ya fi sauƙi, ido ɗaya ne a raye: ki ja shi ya yi tsawo, ki zura fil ɗin nafkin a ciki ki rufe. In ba haka ba, jan zare ɗaya daga ɗan yaro ya isa ya warware miki aikin dare guda.

In kin san za ta daɗe a ajiye, wata ɗaya ko fiye, gara ki zare allurar ki zura wani zare mai launi daban a cikin idanun da basilla, ki ɗaure bakinsa. Idon da ya daɗe a kan allura yana buɗewa ya ɗauki siffarta, in kika ci gaba a kai sai ki ga layi ya fito a kwance a jikin rigar, wanki ma ba lallai ya ɓatar da shi ba. In kuwa ta riga ta daɗe a kan allurar, ki warware layi ɗaya ko biyu na ƙarshe ki sake saƙa su kafin ki wuce.

Akwai kuma batun hannu. Bayan kin yi sati kina bargo da zare mai kauri, in kika ɗauko safar jariri hannunki zai saki fiye da yadda ya saba. Kada ki faɗa kan aikin kai tsaye. Ki ɗauki ragowar zaren ki yi 'yan layuka a gefe har hannu ya dawo, sannan ki auna: ido nawa ne a santimita 10 a tsohon wurin, nawa ne a sabon? In sun yi daidai, bismillah. Wannan lamba ma tana cikin abin da ya kamata ya shiga takarda tun farko.

Da hunturu hannu na kaushi, yana kama zare yana tsinka masa gashi. Ki shafa man kaɗanya, amma ki bari ya shige jiki kafin ki taɓa farin zare. Sabon lalle ma haka, ki ba shi kwana ɗaya ko biyu, ko ki koma kan saƙa mai duhu a kwanakin. Manja kuwa ba sai an faɗa ba. Sai kaskon turaren wuta: yawancin zaren da muke samu a kasuwa, irin su Yeye da ake yi a nan gida, na roba ne, akirilik, tartsatsi ɗaya ke narka shi ya bar rami mai tauri da ba ya gyaruwa.

Zare: ki saya isasshe tun farko

Mai saƙa ɗaya tana gamawa da wuri, in zare ya yanke mata ta koma shago ta tarar da irinsa. Mai saƙa uku takan koma bayan wata huɗu, ta tarar an sayar da wancan an kawo wani. Zare rini-rini ake yin sa, kowane rini da lambarsa, kuma launi ɗaya daga rini biyu yakan bambanta kaɗan. A shago ba za ki gani ba, sai kin saƙa kin fita rana. Zaren Turkiyya irin su Alize da Himalaya suna buga lambar launi da lambar rini a takardarsu, ki duba duka biyun su zo ɗaya a kowane ƙulli. Wanda ba shi da lambar rini, ki saya daga leda ɗaya, kar mai shago ya tsinto miki daga nan da can.

Sanin adadin da zai isa ba duba ba ne, sikeli ne. Ƙaramin sikelin nan na masu yin kek ya wadatar. A ce falle ɗaya na bargo ya auna giram 8, kina buƙatar falle 80, giram 640 ke nan. Ki ƙara na haɗi da na baki, sai ki sayi ƙulli takwas masu giram 100, bakwai za su yi miki kaɗan. In kin gama safa ɗaya ko hannun riga ɗaya, ki auna shi, ki auna zaren da ya rage, nan take za ki san ko zai kai.

In duk da haka ya yanke kuma ba a samu rininsa ba, kada ki haɗa a tsakiyar gaba. Ki riƙa sauyawa, layi biyu da tsohon, layi biyu da sabon, na ɗan tsawo, ido ba zai kama inda suka haɗu ba. Ko ki kai sabon wuya da bakin hannu, inda ɗinki ya sauya dama.

Zaren da kika saya domin wata saƙa ya zauna a jakarta. Ɗiban ƙulli ɗaya daga na bargo don a yi hula yana da daɗi a ranar, bargon ne zai biya.

Jarirai da yanayi

Yawancin saƙar alkawari a wurinmu ta haihuwa ce, kuma mai ciki ba za ta faɗa miki watanta ba, kunya ba za ta bari ba, da ido za ki lissafa. Daga haihuwa zuwa suna kwana bakwai ne, ba sa isa a saƙa riga da hula da safa da mayafi sai dai a hana ido barci. Don haka a saƙar hirata nakan saka hula da safar jarirai lokaci-lokaci, fari ko ruwan madara ko ruwan ƙwai, waɗanda mace da namiji duk za su sa, in tara a ajiye. Ranar suna in kai waɗannan, riga ta biyo baya kafin arba'in. Zagayen kan sabon jariri yakan kama santimita 33 zuwa 36, hular takan ɗan gaza haka kaɗan domin saƙa tana buɗewa.

Ki lissafa da watan da za a sa kayan. Jaririn da aka haifa a Afrilu, tsakiyar zafin Kano, ba abin da zai yi da rigar sanyi sai Nuwamba ko Disamba, lokacin yana wata bakwai ko takwas, nauyinsa ya ninka na haihuwa har ya wuce. Awon ɗan wata tara za ki yi masa, kin kuma samu sarari. Wanda za a haifa a Disamba shi ne mai gaggawa. In 'yan'uwanki a Jos suke, lissafin ya sauya, can ko da damina ana neman rigar sanyi.

Kayan jariri kada ki ajiye su da kafur. Likitoci suna gargaɗi a kan ƙwayoyin kafur ɗin nan na cikin akwati, domin suna iya fasa jinin wasu jarirai su jawo musu shawara mai tsanani. Zaren roba ma asu ba ya cin sa, ulu na gaske ne yake ci. Ki wanke, ki shanya a inuwa a shimfiɗe, ki rufe a jaka mai tsabta, shi ke nan.

Babban bargon da na ambata, daga Maris zuwa Mayu ba mai iya ɗora shi a cinya. A watannin nan ko dai in yi fallayensa ɗaya-ɗaya in tara, ko in rufe shi in koma kan auduga: jaka, shimfiɗar tebur, farar hular raga ta maza. Haɗa fallaye da yi masa baki aikin Disamba ne, kina saƙa yana rufe miki ƙafa. Suwaita kuwa da damina ake fara ta, Yuli ko Agusta. Wadda ta jira sai ta ji iskar hunturu ta fara, a Fabrairu za ta gama, sanyi ya tafi. Azumi ma ki sa shi a lissafi: tsakanin girkin buɗa-baki da tarawihi ba a samun natsuwa, don haka kafin a ga wata nake kai saƙar ƙirga inda zane ya cika, in rubuta, in zura mata zare, sai bayan salla.

Sai masu “Anti, ni ma a saƙa mini.” Ba na cewa a'a, kuma ba na cewa to. Cewa nake, akwai ɗaya a gabanki, in na gama zan faɗa miki irin zaren da za ki sayo da yawansa. Wadda da gaske take za ta kawo zare. Yawanci daga jin kuɗin ƙulli shida maganar ke mutuwa, ba wanda ya ɓata da wani.

In sun fara yawa

Sabuwar saƙa ba ta shiga sai wata ta fita, kuma a gurbinta take shiga: ta hira ta maye ta hira, ta natsuwa ta maye ta natsuwa. In sabon zare yana cizon raina, nakan saƙa ɗan falle na gwaji, tafin hannu guda, in wanke in auna in rubuta. Sau da yawa wannan ya isa ya kashe ƙishirwar, kuma ranar da layinsa ya zo an riga an yi rabin shiri.

Abin da ke kashe saƙa a kusa da ƙarshe sananne ne: safa ta biyu, hannun riga na biyu, ɗinke gefe, ɓoye bakin zare. Abubuwa masu zuwa biyu-biyu ki yi su tare, ki saƙa bakin wannan ki saƙa bakin wancan, ki hau santimita biyar a nan ki hau biyar a can, za su ƙare tare kuma su zo daidai. Bakin zare kuwa kada ki tara. Bargo mai falle 80 da launi uku a kowane falle yana da baki 480, in kika bar su sai ƙarshe ba za ki taɓa bargon ba har abada. Kowane falle ki ɓoye nasa kafin ki jefa shi a jaka. Rigar da ta rage ɗinki da maɓalli kawai ki mayar da ita saƙar hira, aikin ba ya son ƙirga.

Sau biyu a shekara, kafin damina da kuma bayan hunturu, nakan zazzage duk jakunkuna a kan tabarma. Kowace saƙa in tambayi kaina: mai ita zai iya sa ta har yanzu? Ina son ganinta? In yaron ya girme ta, akwai ƙaninsa ko ɗan maƙwabta, sai a gama a ba shi. In kuwa ni ce ba na son ta, launin bai yi ba ko ɗinkin yana gundurata, warware ta nake yi ba tare da wani dogon tunani ba. Zare mai gashi-gashi da mai laushin karammiski su ne ba sa warwaruwa da daɗi, suna cukurkuɗewa suna tsinkewa, irin waɗannan gara ki rufe bakinsu inda suka tsaya su zama rigar filo ko shimfiɗar kujera, ko ki ba yarinya mai koyo.

Zaren da aka warware yana fitowa a nannaɗe, in kika saƙa shi haka idanun ba za su daidaita ba. Ki naɗa shi a bayan kujera ya zama dogon zobe, ki ɗaure shi a wuri huɗu da guntun zare kada ya harɗe, ki jiƙa a ruwa mai ɗumi kaɗan na kamar rabin awa, ki matse a tawul ba murɗawa, ki rataye a inuwa. Na roba yakan yi taurin kai, shi tururi yake ji: ki riƙe zoben a saman tukunyar ruwa mai tafasa, nesa da harshen wuta, kina juyawa har ya miƙe. Dutsen guga kada ya taɓa shi. In ya bushe sarai ki dunƙule shi sako-sako, ki auna a sikeli, ki rubuta nauyin da sunan zaren a 'yar takarda ki soka a cikin ƙullin.